Ta Zame a Banɗaki

Laraba, 6:20 na safe

Littafin nan don rubuta awon jinin Mama na saye shi, ga abin da ya koma. In ban rubuta ba zan yi wa wani illa, kuma na san ko wane ne.

Auta tana babban asibiti tun jiya da la'asar. Ƙanwata, wadda na goya, na yi wa kitso, na riƙe wa hannu zuwa makaranta. Sun ɗaure mata muƙamuƙi da waya, haƙoran sama da na ƙasa a haɗe, sai bayan mako biyar za a kwance. Haƙorinta ɗaya na gaba ya karye, guntun ba a gan shi ba. Ba ta iya magana. Na kai mata takarda da biro, ta riƙe biron tana kallona kawai.

Mijinta ba zan sa sunansa a littafin nan ba, kar ya ƙazanta mini takarda. Mai Gilashi zan kira shi, tunda sana'arsa ke nan, sa tagogi a gidajen mutane. Ya gaya wa likita wai zamewa ta yi a banɗaki. Shekara goma sha tara ina aikin jinya, ban taɓa ganin banɗaki mai zobe a yatsa ba, amma ga shatin zobe nan a kumatunta.

Ɗaya abin ba zan rubuta shi ba. Na dai warware 'yar hular jariri da na fara saƙa mata, na mayar da ulun cikin leda.

Laraba, 4:00 na yamma

Allah ya isa.

Alhamis, 1:15 na rana

Ba mu muka kira 'yan sanda ba, likitan da ya duba ta ne. Sabuwar dokar da aka yi bara ta tilasta, duk raunin da ya yi kama da duka dole a sanar. Mu ma a ƙaramin asibitin da nake aiki an tara mu an karanta mana ita, aka manna takarda a bango kusa da sikelin jarirai, aka raba lemo muka tafa. Har da ni a tafin.

Wata Sajan ta zo, doguwa, mai magana a hankali kamar tana tsoron muryar ta ƙare. Ta ja ni baranda.

Ta ce, "Sista, hanya biyu ce. In karon farko ne, doka ta ce a kai su ofishin sulhu. Ya sa hannu ba zai ƙara ba, ya riƙa zuwa zaman nasiha na wata uku, magana ta mutu. In kuwa aka tabbatar ya saba, to ta fita daga hannunku. Gwamnati ce mai ƙara. Ko matar ta ce ta yafe, ko duk danginku sun zo sun durƙusa, sai ya tsaya gaban alƙali."

Na ce, "Ya saba."

"Baki kaɗai ba ya isa. Ta taɓa kai ƙara? Ta taɓa zuwa asibiti?"

Na ce zan duba. Ta rubuta mini lambarta a bayan takardar magani.

Zan duba. Ji ni fa. Kamar ban san durowa ta uku ba.

Juma'a, 5:40 na yamma

An ba da belinsa. Sharaɗi ɗaya aka sa masa, kar ya kusanci inda Auta take. Kwana biyu kacal ya yi a tsare, na ji an ce har shayi aka kai masa.

Kawu ya kira ni. Ƙanin Mama ne, tun rasuwar Baba shi ke yanke magana a gidanmu. Ya ce, "Ke ce babba, ki sa wa zuciyarki ruwa. Abin cikin gida ba a kai shi gaban hukuma, za mu zauna mu ja masa kunne."

Na ce, "Kawu, kunne za a ja? Ita muƙamuƙi aka ja mata."

Ya ce ba ni da kunya. Na ce ya yi haƙuri. Ban gaya masa cewa na tuna wanda ya sa tagogin sabon gidansa ba, guda tara, masu zamewa gefe, waɗanda yake nuna wa duk baƙon da ya zo.

Asabar, 2:30 na rana, ɗakin kati

Kowa ya tashi, ni kaɗai ce da fanka. To bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Katin Auta yana durowa ta uku. Rubutu huɗu ne a ciki, cikin shekara uku, duk da hannuna, duk da sa hannuna a ƙasa.

Na farko gira ce ta fashe. Ta shigo ta ƙofar baya, mayafi a fuska, ta riƙe mini riga: "Yaya, ki rufa mini asiri, kar Mama ta ji, kin san hawan jininta." Na kai ta ɗakin ɗinki na rufe ƙofa. Na yi mata ɗinki huɗu da zare mafi siriri, wallahi ko tabo ba ka gani sai ka matso. Amma a wurinmu ba a fitar da zare ko allura daga sito sai an rubuta a katin mara lafiya abin da ya same shi. Ƙa'ida ce, mai sito ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Dole in rubuta wani abu, sai na rubuta: ta zame a banɗaki.

Na biyu wuyan hannu. Ta roƙe ni, na rubuta. Na uku haƙarƙari, ranar na ce zan je in ci mutuncinsa, ta durƙusa mini a kan simintin ɗakin ɗinki, na rubuta. Na huɗu kunne ne yana jini. Shi wannan ko tambayarta ban yi ba, kafin ta gama zama na riga na rubuta, hannuna ya saba.

Banɗakin gidansu na san shi, na sha yin wanka a ciki. Siminti ne mai kaushi, ko sabulu ka zuba ba ya santsi.

Na mayar da katin na rufe durowa. In na fito da shi na ce ƙarya na rubuta, aikina ya tafi. In na bar shi, takarda ta ce bai taɓa taɓa ta ba.

Litinin, 6:10 na yamma

Yau na ga abin da ya wanke mini zuciya, Allah ya yafe mini.

An sallami Auta da safe, na kawo ta gidana. Da la'asar na leƙa Mama, sai na tarar da takalma a ƙofar ɗaki. Kawu ne ya kawo Mai Gilashi ban haƙuri. Yana durƙushe a gaban Mama, kai a ƙasa, murya har rawa take: "Mama, tsautsayi ne, ni da kaina na ɗauke ta na kai asibiti." Munafuki, ɗan ƙwal uba. Mama tana ta murza gefen zaninta.

Hannunsa na dama a naɗe da bandeji, yatsun sun kumbura sun yi sheƙi. Na gaishe shi da fara'a, har Kawu ya ji daɗi. Na ce, "Me ya sami hannun?"

"Gilashi ne, Yaya. Kin san aikinmu."

"Ayya. Mu gani."

Ya ɗan janye bandejin. Ƙaramin rami ne a kan babbar gaɓar yatsar tsakiya, daidai inda ƙashi ke fitowa in an dunƙule hannu. An ɗinke shi tsaf da baƙin zare, ɗinki biyu. Ya ce mai kemis ɗin layinsu ne ya yi masa, ya kuma ba shi kafso.

Duk wanda ya yi shekara ɗaya a ɗakin ɗinki ya san wannan ramin. Gilashi a miƙe yake yanka, a tafin hannu ko a gefen yatsa. Wannan haƙori ne. Kuma raunin haƙorin mutum ba a ɗinke shi, a buɗe ake barinsa, a wanke har cikin gaɓa, a yi ta allura mai ƙarfi. In ka rufe shi, ka kulle ƙazantar baki a cikin ƙashi, ta zauna tana ci. Na taɓa ganin wanda ya yi mako uku da irinsa, daga wuyan hannu aka yanke.

Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Ɗinkin ya yi kyau." Na tashi na kawo masa ruwa mai sanyi da hannuna.

Talata, 7:00 na safe

Na yi barci har da munshari, in ji 'yata.

Alhamis, 12:45 na rana

Komai na Auta ta bututun roba yake shiga. Madara, romo, shayi, duk sai na tace sau biyu. An ba mu wani ɗan almakashin yanke waya, dole ya kasance kusa da ita kullum, don in amai ya taso a yanke wayar kafin ta shaƙe. Na ɗaura masa zare na rataya mata a wuya. Yarinyar da take sa sarƙa kala uku in za ta fita.

Rubutunta gajere ne. "Ruwa." "Zafi." "A rage fanka." Na yi mata tsiya na ce dama tun tana ƙarama surutunta ya ishe mu, yanzu gida ya huta. Ta yi dariya ta hanci, hawaye ya zubo, ban sake ba.

Mai awon jini a wurin aikinmu layinsu ɗaya da Mai Gilashi. Na tambaye ta a fakaice. Ta ce tun Talata bai buɗe shago ba, kumburin ya kai bayan hannu, mai kemis ya canza masa kafso. Na ce, "Kai, abin tausayi." Na shiga banɗaki na yi murmushi na fito.

Asabar, 3:20 na yamma

Kwana goma sha ɗaya. Ci gaba da ci, haƙorin ƙanwata, kar ka gaji.

Lahadi, 5:00 na yamma

Kawu ya zo da lemo da ayaba, kamar mai waya a baki za ta iya ayaba. Ya zauna gefen gadonta yana ta nasiha, aure ɗan haƙuri ne, mijinki ya yi nadama, har ramewa ya yi, ki dubi mutuncin gidanmu. Ita kuwa ba bakin amsawa, shi ya sa ya sake sosai, ya yi kusan awa.

Bayan ya tafi ta rubuta ta miƙo mini: "Za su mayar da ni?"

Na ce, "Sai dai in bayan raina." Ta kalli takardar, ta kalle ni, ta juya fuska bango. Na san abin da kallon yake nufi. Sau huɗu ina da rai aka mayar da ita, kuma ni na tare mata mota.

Litinin, 11:30 na safe

Innalillahi.

Sajan ta kira ni ofishinta. A kan teburinta akwai kwafin katin Auta. Lauyansa ne ya nema ta hannun hukuma, aka ba shi ranar Juma'a ina hutu. Ashe tsinannen bai manta ba, ai shi ya sha sauke ta a bakin titi in za ta zo wurina.

Sajan ta karanta mini abin da lauyan ya rubuta: matar tana fama da jiri, ta saba zamewa a banɗaki, sau huɗu cikin shekara uku, kuma yayarta uwa ɗaya uba ɗaya, ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya, ita ta shaida haka da hannunta.

Ƙwararriya! Yau ni ce mai kare Mai Gilashi. Rubutuna mai kyau, wanda malamai suke yabawa tun firamare.

Sajan ta ce, "Da wannan, ranar Alhamis fayil ɗin zai wuce ofishin sulhu. In ma sun ga dama su ce haɗari ne, ba laifi gaba ɗaya." Ta tura mini kwafin. "Sista, ni ban ce komai ba. Amma na shekara takwas a teburin nan, banɗakunan garin nan sun fi ɓarayi kashe mata."

Na ce, "In na ce ƙarya na rubuta fa?"

"Zan ɗauka. Amma lauyansa zai ce wadda ta yi ƙarya sau huɗu don ƙanwarta, me zai hana ta yi ta biyar? Ina bukatar wani abu da ba daga bakinki ya fito ba, ko ɗaya ne, wanda zai nuna hannunsa ne ya yi wannan na yanzu. In na samu, maganarki a kan na baya za ta tsaya da ƙafarta."

Hannunsa, ta ce. In na faɗa, yau ɗin nan za su kai shi gaban likita na gaske, a buɗe, a wanke, a cece shi. Saura kwana kaɗan fa. Na ce mata zan yi tunani.

Talata, 2:00 na rana

Na sami Matiron a ofis na rufe ƙofa na gaya mata komai game da katin. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi.

Ta ce, "Kin san hukuncin rubuta ƙarya a kati. Dakatarwa nan take, sannan hukumar ma'aikatan jinya, lasisi kuma sai abin da suka ga dama. Ni ba zan iya rufe miki ba, kuma ba zan gwada ba. Kina da 'ya a makaranta, ga Mama a wuyanki."

Na ce na sani.

Har na kai ƙofa ta ce, "Ba ke kaɗai ba ce, kar ki ɗauka. In aka buɗe durowoyin nan duka, rabinmu gida za mu tafi." Ban san ko lallashi ba ne ko gargaɗi.

Laraba, 8:15 na safe

Na canza hanya na bi ta layinsu, da gangan, ba sai na yi wa littafina ƙarya ba. Yana zaune a bencin mai kemis, hannun a rataye da tsumma a wuya. Fuskarsa ta yi toka, gumi na tsatstsafowa da sanyin safiyar nan. Bandejin ya jiƙe ya yi rawaya, ƙuda na bin sa. Daga tsallaken titi nake amma na san warin, na sha jin sa.

Ina so a yanke shi. Na rubuta, ga shi nan. Ina so ya farka ya ga dungu, ya koyi ɗaura wando da haƙori, ya ga gilashi ya kasa ɗagawa. Kotu me za ta yi masa? Shekara biyu, uku, ya fito da ƙiba. Wannan kuwa har kabari.

Laraba, 5:50 na yamma

Na kasa riƙewa, na gaya wa Auta. Ina tace mata romo ina ba ta labari, ramin, ɗinkin, ƙudan, har da yadda na ba shi ruwa mai sanyi. Na ce, "Ki kwantar da hankalinki, ko sun kai ku sulhu, hannun da ya taɓa ki ba zai kai ƙarshen wata ba. Haƙorinki ya rama miki."

Na zata za ta ji daɗi. Ta jawo takarda ta yi rubutu a hankali, ta miƙo.

"Yaya, da hagu ma yana duka."

Ta karɓe ta ƙara a ƙasa: "Kunnen da hagu ne."

Romon ya huce a hannuna. Gobe Alhamis.

Alhamis, 1:40 na rana

Ƙarfe bakwai ina ƙofar ofishin Sajan, kafin mai shara ma. Na rubuta bayani shafi uku, kwanan wata huɗu, abin da na gani da abin da na rubuta a madadinsa. Na sa hannu. Irin sa hannun da ke katin ne sak, ta haɗa su ta duba.

Sannan na ce, "Ki sa a duba hannunsa na dama. Ba gilashi ba ne. A ɗauki hoto, kuma in an buɗe a adana duk abin da aka ciro."

Ta ajiye biro. "Tun yaushe kika sani?"

"Kwana goma."

"Kuma kina ma'aikaciyar jinya."

Na ce, "Kuma ina yayarta."

Ba ta yi mini wa'azi ba, Allah ya saka mata. Ta ɗauki waya ta kira ofishin sulhu ta ce a riƙe fayil, ta ɗauki hularta ta fita.

Juma'a, 4:30 na yamma

Sun yi masa tiyata da safe, da ɗan sanda a bakin ƙofa. Sajan ta kira ni. Likitan ya ce da an ƙara kwana uku da sai dai a yanke. Kwana uku! Na ciji yatsa har sai da ya yi shati.

Yatsar tsakiya ba za ta sake lanƙwasuwa ba, sauran hannun ya tsira. Ni na tsirar da shi, ni da bakina. Ban san wanda zan fi jin haushi ba.

Amma a cikin gaɓar sun ciro wani ɗan abu fari, bai kai ƙwayar shinkafa ba. An sa shi a kwalba an liƙa takarda. Likitan haƙori ya gwada da hoton bakin Auta, ya zauna daram.

Na gaya mata an ga guntun haƙorinta. Ta rubuta: "Su riƙe, na ba su."

Litinin, 10:00 na safe

Takardar dakatarwa layi biyar ce. Na miƙa makullin ɗakin ɗinki, mai sito ya kasa kallona. Farar rigata na ninke ta na sa a leda ɗaya da ulun.

Laraba, 6:00 na yamma

Kawu ya ce na tona asirin gida, na jefa miji a kurkuku, na kashe aikina, na kashe auren ƙanwata, duk a mako ɗaya. Na ce, "Kawu, ka manta ɗaya, na kuma ceci hannun da ya sa maka taga." Ya kashe waya. Oho dai.

Mama ce na ji wa tsoro. Dole na zauna na gaya mata na baya ɗin, tun daga gira, don kar ta fara ji a kotu. Na kai maganinta kusa, na ɗaura mata abin awo a hannu kafin in fara. Ta saurara har ƙarshe. Jinin bai ko motsa ba, ɗari da arba'in.

Ta ce, "Wato ni kuka yi wa gata. Kuka ɓoye mini don kar jinina ya hau, ita kuma nata yana zuba." Ta kwance abin awon da kanta ta miƙo mini. "Kai ni wurin 'yata."

Tun jiya tana gidana. Ita ke tace romon yanzu, ta ce nawa gishiri ya yi yawa.

Asabar, 9:00 na safe

Ba inda zan je. Na wanke labule, na wanke wanda na wanke jiya.

Alhamis, 3:10 na yamma

Kotu. Ɗaki ƙarami, fanka ɗaya mai ƙara, benci huɗu. Yana tsaye a akwati da sabon bandeji fari tas, irin naɗin da nake koya wa ɗalibai.

Lauyar gwamnati ta miƙo mini katin ta ce in karanta da ƙarfi. Na karanta na farko. Ta ce, "Gaskiya ne?" Na ce ƙarya ne. "Me kika gani?" Na faɗa. Haka har sau huɗu. A na uku muryata ta tsaya, alƙali ya ce a ba ni ruwa, na ce ba na sha.

Lauyansa ya tashi yana gyara riga. "Wato kin yarda ke maƙaryaciya ce?"

Na ce, "Na yarda. Shi ya sa aka kawo kwalba, ita ba ta da ƙanwa."

Wani ya yi dariya a baya, alƙali ya buga tebur. Aka ɗaga kwalbar sama, kowa yana miƙa wuya don abin ƙarami ne. Mai Gilashi bai kalla ba, hannunsa yake kallo.

Alƙali ya ce ba karon farko ba ne, ba maganar sulhu, an soke beli, za a ci gaba da shari'a wata mai zuwa yana tsare. Kawu ya tashi ya ce ranka ya daɗe, mu dangi mun yafe. Alƙali ya ce, "Baba, zauna, ba kai aka daka ba."

Na jira in ji daɗi. Na ji, ba zan ɓoye ba, da suka sa masa ankwa a hannun hagu na ji kamar in yi guɗa. Amma bai kai daɗin ranar da na ba shi ruwa mai sanyi ba, kuma wannan ma na rubuta shi don in riƙa tuna wace ce ni.

Talata, 4:45 na yamma

An kwance wayar da safe. Bakin bai buɗe sosai ba, yatsa ɗaya ke shiga, likita ya ce a hankali zai saki. Ta cire almakashin daga wuya ta ajiye masa a tebur. Duk hanya a mota ba ta ce uffan ba, ni kuma ina ta zuba, abin da za ta fara ci, haƙorin da za a sa mata, takardar hukumar jinya da ta ce in bayyana ranar sha biyu ga wata.

Mama ta shiga wanka, 'yata ba ta dawo daga makaranta ba. Ina zaune a bakin gado da littafin nan a cinya, ina rubuta abin da ke sama. Sai na ji murya, a shaƙe, kamar ba tata ba.

"Yaya."

Mako biyar ban ji kalmar nan ba. Na ce, "Na'am, Autata. Ruwa?"

Ta girgiza kai. Kalmomin ɗaya-ɗaya suke fitowa, tana riƙe da haɓa.

"Na farko na roƙe ki. Na biyu na roƙe ki. Na uku ma."

Na ce, "Na sani, ya wuce."

"Na huɗun ban roƙe ki ba. Ranar na zo ne in gaya miki ba zan koma ba. Har kaya na sa a jaka. Kafin in zauna kin rubuta."

Na tuna jakar. Baƙa ce, mai zif ɗin da ya lalace, ta ajiye ta a bayan ƙofar ɗakin ɗinki. Ni na ɗauko mata ita na sa a mota, har ina mata tsiya wai me ta cusa a ciki haka da nauyi.

Ban ce ta yafe mini ba, bakina bai kai can ba tukuna. Na ce, "To gaya mini yanzu. Duka, tun daga farko."

Ta kalli hannuna. Ta ce, "Ajiye biron."